Juyawar tayoyin baya ba lalacewar mota ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi bayani a kan wata fasaha da ta fara yawaita a cikin manyan motocin da ake shigowa da su ta Legas da Kwatano, wato tsarin da ke sa tayoyin baya su riƙa karkata tare da na gaba idan direba ya murza sitiyari. Mutane da dama idan suka ga Marsandi ko BMW tana fitowa daga wurin fakin, tayoyinta na baya sun kauce daga saitin bodi, sai su ɗauka wani ƙarfe ne ya kwance a ƙarƙashinta. Wasu kuma da suka san da gangan aka yi hakan, suna ɗaukarsa a matsayin ƙawa irin ta masu kuɗi, wadda babu abin da take ƙara wa tuƙi. A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure, kuma kuskuren yana iya jawo asarar dukiya, wani lokaci ma ta rai, idan irin wannan mota ta faɗa hannun bakaniken da bai san abin da ke cikinta ba.

Motar da muka saba da ita tayoyin gaba ne ke zaɓen hanya, na baya sai dai su bi. Wannan tsari yana da sauƙi da ƙarko, shi ya sa ya wuce shekara ɗari ana amfani da shi, amma ya daɗe yana ɗaure wa maƙera mota hannu. Idan suka tsawaita tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, motar takan zauna daram a kan babbar hanya, fasinjan baya ya samu wurin miƙe ƙafa, amma juya ta a ƙaramin fili sai an yi ta kai da komo tsakanin giyar gaba da ribas. Idan kuma suka gajarta tazarar, motar za ta iya shiga ko wane lungu, sai dai da ta ɗauki gudu za ta fara rawar kai, ɗan taɓa sitiyari kaɗan ya isa ya sa ta wujijjiga. Sitiyarin baya ƙoƙari ne na samun duka biyun a mota ɗaya: ta yi halin gajeriya a inda ake tafiya sannu, ta yi halin doguwa a inda ake gudu.

Wanda ya taɓa ganin mutum biyu ɗauke da doguwar azara a cikin gari ya riga ya ga asalin dabarar. Idan suka zo kwanar lungu, na gaba ya nufi dama, dole na baya ya ja hagu ya buɗe, in ba haka ba azarar za ta daki katanga. Idan kuwa a kan miƙaƙƙiyar hanya suke so su ba wani wuri ya wuce, sai su matsa gefe guda a tare, azarar ba ta ko karkace ba. Haka tayoyin baya suke yi a wannan tsari. A ƙaramin gudu suna karkata saɓanin inda na gaba suka nufa, a babban gudu kuma suna karkata inda na gaba suka nufa.

Amfanin na farko ana iya ƙididdige shi a takarda. A ɗauki doguwar mota mai tazarar mita 3.2 tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ce tayoyin gabanta suna iya karkata digiri 35. Idan aka murza sitiyarinta har ƙarshe, wurin da take kewayawa, wato tsakiyar da'irar da take yi, yana da nisan kimanin mita 4.6 daga tsakiyar layin tayoyinta na baya. Idan aka ba tayoyin baya damar karkata digiri 10 saɓanin na gaba, wannan nisa zai sauko zuwa kimanin mita 3.7, domin wurin kewayawar ya matso kusa da motar, kuma ya gusa daga layin tayoyin baya zuwa wajen tsakiyarta. Ragin kusan mita ɗaya a kowane gefe yana nufin faɗin da'irar juyawa ya ragu da kusan mita biyu, kuma kusan abin da kamfanin Mercedes-Benz ya bayyana ke nan game da S-Class ɗin da ya fitar a 2020, wadda doguwar cikinta mai digiri 10 take juyawa a da'ira mai faɗin mita 10.9, kusan daidai da ƙaramar mota. Wannan shi ne ɓangaren da ido ke gani, shi ne kuma wanda 'yan talla suka fi so su nuna.

Ni dai ɓangare na biyu ya fi ɗaukar hankalina, ko da yake ba a ganinsa, domin a nan karkatar takan tsaya ne a digiri ɗaya zuwa uku. Kafin a gane shi sai an san yadda taya ke riƙe mota a kwana. Taya ba ta tura mota gefe sai idan inda ta fuskanta ya ɗan bambanta da inda take gungurawa. A lokacin ne robar da ke taɓa kwalta take ɗan murɗewa, wannan murɗewar ce ke haifar da ƙarfin da ke jan motar zuwa cikin kwana. Tayoyin gaba suna samun wannan bambanci nan take, da zarar direba ya motsa hannunsa. Tayoyin baya na motar da muka saba kuwa ba su da hanyar samunsa sai gangar jikin motar ta fara juyawa tukuna, sannan su ji cewa an canja hanya, su fara nasu riƙon. Ke nan akwai ɗan jinkiri tsakanin gaba da baya, wanda bai kai daƙiƙa ɗaya ba, amma motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin fiye da mita 33 a kowace daƙiƙa, don haka ɗan jinkirin ma tafiya ce mai nisa.

A cikin wannan jinkiri ne bayan mota ke yin lilo. Direba ya kauce wa rami ko dabba, ya dawo da sitiyari da sauri domin ya koma hannunsa, sai ya tarar bayan motar bai gama amsa umarnin farko ba, ga na biyu ya iso. Nauyin motar ya tafi gefe guda ya dawo ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko, daga nan kuma sai wutsiya ta ƙwace. Direbobin doguwar hanya sun san wannan yanayi sarai, kuma sun san cewa murzawa ta biyu ta fi ta farko hatsari. Idan tayoyin baya suka ɗan karkata inda na gaba suka nufa tun daga farko, suna fara riƙe kwalta kusan lokaci guda da na gaba, motar takan zame zuwa ɗaya hannun gaba ɗayanta ba tare da ta juya jiki sosai ba, lilon ya ragu, fasinjan baya ma ba ya jin ana watsa shi hagu da dama. A nan ne tsarin yake biyan kuɗinsa, a kan digiri biyun da ba wanda zai tsaya ya ɗauka a waya.

Mai tambaya zai iya cewa, tunda karkatar saɓani tana sa mota saurin juyawa, me ya hana a bar ta haka a kowane gudu? Amsar tana hannun duk wanda ya taɓa yin ribas da ɗan gudu. A ribas tayoyin da ke juyawa su ne a baya idan aka dubi inda motar ta dosa, kuma kowa ya san yadda ɗan kuskure kaɗan ke sa ta wulwula gaba ɗaya. Saboda haka ne motar ɗaga kaya ta cikin sito, wadda sitiyarinta a baya yake, ba a ƙera ta don gudu ba. Jamusawa sun gwada sitiyarin taya huɗu a wasu motocin soja a shekarun 1930, inda tayoyin baya ke karkata saɓanin na gaba ta hanyar ƙarafa zalla, suka tarar motocin suna da hatsari da zarar an ɗan taka su, har daga baya aka watsar da tsarin. Abin da ya rasa a wancan zamani shi ne wani abu da zai san gudun motar, ya yanke hukuncin inda tayoyin baya za su nufa da kuma iyakar karkatarsu.

A motocin yau kwamfuta ce ke wannan aiki, kuma babu wani ƙarfe da ya haɗa sitiyarin direba da tayoyin baya. Waya ce kawai a tsakaninsu. Akwai na'ura a jikin sandar sitiyari da ke auna yawan murzawar da aka yi da kuma saurinta. Akwai na'urorin da ke kan kowace taya suna ƙirga juyawarta, waɗanda dama tsarin birkin ABS, mai hana tayoyi cijewa idan an taka birki da ƙarfi, ke amfani da su, daga gare su ake sanin gudun mota. Akwai kuma wata a tsakiyar mota da ke auna yadda gangar jikin ke juyawa hagu ko dama da ƙarfin da ke tura ta gefe. Duk waɗannan bayanai suna shiga ƙwaƙwalwar tsarin sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, ita kuma ta kwatanta abin da direba ya nema da abin da motar take yi a zahiri, sannan ta aika umarni zuwa baya.

Abin da ke karɓar umarnin yana da sauƙin ganewa ga wanda ya leƙa ƙarƙashin motar a kan ramin gareji. A motar da ba ta da tsarin, akwai ƙarfe a kowane gefe da ke riƙe tayar baya a saiti, tsawonsa ba ya canjawa sai ranar da mai alaimen ya kwance noti ya daidaita shi. A mai tsarin kuwa, bakin wannan ƙarfe yana haɗe da wani akwatin alminiyam da ke kwance tsakanin tayoyin biyu, wayoyi sun shige shi. A cikin akwatin akwai injin lantarki ƙarami, da bel mai haƙora da ke juya wani noti, notin kuma yana kan doguwar sanda mai zare irin na sukuru. Idan notin ya juya a wurinsa, sandar ta zame hagu ko dama, ta tura taya ɗaya ta jawo ɗayar. Tafiyar sandar kaɗan ce, a yawancin motoci milimita ne ake ƙirgawa, kuma akwai wata na'ura a ciki da ke shaida wa kwamfuta daidai inda sandar take a kowane lokaci. An yanka zaren ne ta yadda noti zai iya tura sanda amma sanda ba za ta iya juya noti ba, don haka ko taya ta daki dutse, bugun ba zai sauya saitinta ba, ko wuta ta ɗauke ba za ta riƙa kaɗawa ba. Idan kwamfuta ta ga wata matsala, takan mayar da tayoyin tsakiya in da hali, ta kashe tsarin, ta kunna fitilar gargaɗi a gaban direba, motar ta ci gaba da tafiya kamar kowace mota.

Wasu kamfanoni akwati ɗaya suke sawa a tsakiya, wasu kuma biyu, kowace taya da nata. Kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera wa kamfanonin mota da yawa wannan na'ura, ya fara fitar da tasa a 2013, kuma Porsche 911 GT3 da 911 Turbo na wannan shekara mai akwati biyun suka samu. A 911 Turbo ɗin, tayoyin baya suna karkata saɓanin na gaba har digiri 2.8 idan gudu bai kai kilomita 50 ba, idan ya haura 80 kuma su bi na gaba har digiri 1.5, a tsakanin biyun kwamfuta ta duba yanayi. Renault ta Faransa, wadda ta sa tsarinta a Laguna GT a 2008, ta tsayar da iyakar karkata a digiri 3.5, inda ake sauyawa daga saɓani zuwa bi kuma a kilomita 60. BMW ma a 2008 ta kawo nata a manyan motocinta samfurin 7 Series, da digiri 3. Audi Q7 ta 2015, wadda jif ce da masu hali suka sani, tana kaiwa digiri 5. Amfanin akwati biyu shi ne kowace taya tana iya yin nata daban. Acura RLX ta 2013 takan karkatar da tayoyin baya duka biyu su ɗan fuskanci ciki idan an taka birki da ƙarfi, domin motar ta tsaya a miƙe.

Ba Turawa ne suka fara sa wannan fasaha a motocin kasuwa ba, Jafanawa ne. Nissan ta fitar da tsarinta mai suna HICAS a Skyline a 1985, wanda ke aiki da matsin mai. Mazda ta biyo da nata a 626, mai duba gudun mota, yana sauyawa a kilomita 35. Amma wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na Honda Prelude ta 1987, domin babu kwamfuta ko waya a cikinsa ko kaɗan. Doguwar sanda ce ta taso daga sitiyarin gaba ta bi ƙarƙashin mota zuwa wani ƙaramin akwatin giya a baya. Idan direba ya ɗan murza sitiyari, tayoyin baya su bi na gaba har digiri 1.5, idan ya ci gaba da murzawa sai su dawo tsakiya, su wuce zuwa saɓani har digiri 5.3. Hikimar ita ce ba wanda ke murza sitiyari da yawa yana kan babban gudu, kuma ba wanda ke juya mota a ƙaramin fili da ɗan murzawa kaɗan, don haka yawan murzawar ya tsaya a madadin ma'aunin gudu. Dabara ce mai kyau, sai dai zato take yi, ba sani ba, shi ya sa Honda da kanta ta koma ga lantarki a Prelude ɗin da ta biyo baya.

Duk da haka kasuwa ba ta karɓe su ba a wancan karo. Tsarin yana ƙara nauyi da tsada, famfo da bututun mai suna ƙara wuraren yoyo, kuma motocin da aka sa wa ba su da girman da mai saye zai ji bambanci sosai. General Motors ta sake gwadawa a Amurka daga 2002 zuwa 2005 da wani tsari mai suna Quadrasteer a manyan a-kori-kura irin su GMC Sierra da Chevrolet Silverado, inda tayoyin baya ke kaiwa digiri 15. Masu jan tirela sun yaba, amma ƙarin kuɗin ya kai dubban daloli, masu saye suka yi ƙaranci, aka daina. Abin da ya dawo da fasahar shi ne motoci sun ƙara girma da nauyi, na'urorin aunawa sun riga sun shiga yawancin sababbin motoci saboda birki da tsarin hana santsi, injin lantarki kuma ya maye gurbin famfon mai. Motocin lantarki sun ƙara mata kasuwa, domin shimfiɗa batir a ƙarƙashin mota yana tilasta tsawaita tazarar tayoyi. GMC Hummer mai lantarki har tafiyar kaikaice take yi a ƙaramin gudu, tayoyi huɗu duka sun karkata gefe guda, ko da yake wannan kam, a ra'ayina, ya fi kusa da wasa.

Ya kamata a bambance wannan da wani tsari na dabam da wasu tsofaffin motoci ke da shi, kamar Peugeot 306 da Porsche 928, inda aka tsara robobin da ke riƙe ƙafar baya su ɗan ba da kai idan nauyi ya danne su a kwana ko an ɗaga ƙafa daga totur, tayar ta ɗan karkata da kanta. Wannan babu inji babu kwamfuta, nauyin mota ne ke sarrafa shi, kuma ba ya iya yin komai sai motar ta riga ta shiga halin. Wanda nake magana a kai yana motsawa ne tun kafin motar ta shiga halin, kuma yana iya gyara abin da direba bai nema ba. Idan an taka birki tayoyin dama suna kan ƙasa ko tsakuwar gefen hanya, na hagu suna kan kwalta, motar takan so ta juya wajen kwalta saboda riƙon ya fi yawa a can. Wasu daga cikin waɗannan tsare-tsare suna ɗan karkatar da tayoyin baya su rage wannan juyawa, tare da taimakon birkin da kwamfuta ke raba wa kowace taya.

Akwai wani abu da ya biyo bayan mayar da komai hannun kwamfuta wanda ban ji daɗinsa ba. A 2021 Mercedes-Benz ta fitar da EQS mai lantarki, inda a lokacin aka riƙa sayar da ita a Jamus da karkatar digiri 4.5, wanda yake son digiri 10 kuma ya biya kuɗin shekara, Yuro 489, a buɗe masa ta intanet. Na'urar dai ita ce, tana nan a jikin motar da mutum ya saya da kuɗinsa, manhaja ce kawai ta taƙaita ta. Duk wanda zai sayi irin wannan mota a hannu na biyu ya dace ya gwada da idonsa digiri nawa tayoyin ke kaiwa, kada ya dogara da abin da ya gani a bidiyon talla.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, shi ne abin da zai faru idan waɗannan motoci suka tsufa a hannunmu. Mota mai shekara goma ita ce sabuwa a wurin yawancin masu saye a nan, don haka waɗanda aka ƙera tsakanin 2008 da 2016 su ne yanzu ke shiga garejinmu. Babbar matsalar a wajen alaimen take. Kafin a daidaita tayoyin baya na irin wannan mota, wajibi ne a haɗa kwamfutar bincike a tabbatar sandar cikin akwatin tana tsakiya daidai, sannan a taɓa noti, bayan an gama kuma a sake saita na'urar da ke auna sitiyari domin ta san inda miƙe yake. Idan aka yi alaimen sandar tana gefe, tayoyin za su yi kyau a ido a cikin gareji, amma da an tayar da mota kwamfuta ta mayar da sandar inda ta sani a matsayin tsakiya, sai tayoyin baya su koma a karkace. Motar ta riƙa tafiya a kaikaice, sitiyari ya ƙi zama daidai, sababbin tayoyi su cinye ta gefe ɗaya cikin ɗan lokaci, mai mota ya yi ta zargin mai sayar da taya alhali laifin yana wani wuri. Alaimen na igiya da ƙiyasin ido, wanda yake iya wucewa a tsohuwar mota, a nan ba ya aiki.

Hanyoyinmu ma ba za su raga wa tsarin ba. Ko da yake zaren sandar ba ya bari bugu ya juya ta, bugun rami yana sauka ne a kan mahaɗan ƙarafa da bushin, wato robobin da ke tsakanin ƙarafan, su kuma idan suka saki sai taya ta samu wasan da kwamfuta ba ta san da shi ba. A tsarin da duk aikinsa a babban gudu bai wuce digiri biyu ko uku ba, wasan rabin digiri ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma robar da ke rufe bakin sandar a kowane gefe, wadda idan ta yage ƙurar rani da ruwan damina za su shiga cikin zaren. Duba ta ba ya ɗaukar minti biyu idan mota tana kan rami, amma akwatin da za a saya idan aka bari ya lalace yana cikin kayan mota masu tsada. Raunin batir ko lalacewar na'urar ABS guda ɗaya ma sun isa su kashe tsarin su kunna fitila, don haka kafin a yanke hukuncin cewa akwatin ne ya mutu, a fara karanta abin da kwamfuta ta rubuta. Haka kuma sa taya ko rim mai faɗin da ya wuce wanda kamfani ya ƙayyade yana iya sa tayar ta riƙa gogar bodi idan ta karkata.

Na san shawarar da za a fi bayarwa idan fitilar ta ƙi mutuwa: a cire wayar, a kama sandar da walda, a huta. Gaskiya ne cewa masu wasan zamiya da tsofaffin Nissan sukan cire HICAS su sa miƙaƙƙen ƙarfe a madadinsa, amma su a filin tsere suke yi, da ƙarfen da aka ƙera don haka, kuma motocin ba su da sarƙaƙiyar na yanzu. A motar zamani, tsarin hana santsi da na birki da na sitiyarin gaba duk an saita su ne bisa sanin cewa tayoyin baya za su taimaka. Idan aka kashe shi ba tare da an sanar da ƙwaƙwalwar motar ta hanyar da ta dace ba, wasu daga cikin waɗannan ma suna iya daina aiki, sannan walda a jikin ƙarfen da ke riƙe taya tana raunana shi. Mafi muni shi ne a toshe fitilar gargaɗin domin a sayar da motar, mai saye ya hau babbar hanya bai san ko tayoyinsa na baya a tsakiya suke a kulle ko a karkace ba.

Mai niyyar saye yana iya gwadawa ba tare da wani kayan aiki ba. Ya kunna makulli ya ga fitilun gargaɗi duka sun kama sannan sun mutu, domin wadda ba ta kama ba tun farko ita ce abin tuhuma. Ya sa wani ya tuƙa a hankali a fili, sitiyari a murɗe har ƙarshe, shi kuma ya tsaya ta baya ya ga tayoyin sun karkata sun kuma dawo daidai idan an miƙe, ba tare da ƙara ko tsayawa ba. Ya shafa tayoyin baya da hannu ya ji ko gefe ɗaya ya fi cinyewa. Direban da ya saba da wata mota kuma ya kiyaye cewa idan ya yi fakin dab da katanga ko bakin lambatu, ya murza sitiyari gaba ɗaya zai fita, bayan motar yana ɗan buɗewa waje fiye da yadda ya saba.

Ina kira ga makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin kanikawa da su sa wannan tsari cikin abin da ake koya wa yara masu tasowa, musamman yadda ake mayar da sandar tsakiya da kwamfuta kafin alaimen, tunda kwamfutar binciken ta riga ta shiga gareji da yawa saboda inji da giya. Ina kuma roƙon wannan jarida ta tura wakili zuwa wani garejin da ke karɓar irin waɗannan motoci, ya ɗauko hoton akwatin a jikin mota da kuma a buɗe, a buga wa masu karatu, domin wanda ya taɓa ganinsa sau ɗaya ba zai ɗauke shi wani ƙarfen banza da za a iya cirewa ba.

Na gode da ba ni wannan fili.

Mai karatunku,
daga Kaduna